Allunan Farashi Na Lantarki: Zaɓen Layin Rediyo Kan Jawo Riba Ko Asara

JAKUSKO, Jihar Yobe — Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sauya farashin kaya ya zama aikin yau da kullum ga masu kantuna daga Jakusko zuwa Gashuwa da Nguru. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan hali, takardar farashin da aka manna a kanta kan tsufa kafin kayan su ƙare.

Lamarin ya wuce na gajiyar ma'aikata. A Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wurin kashiya.

Maganin da manyan kantunan Turai da Amurka suka rungumo shi ne ƙananan allunan farashi masu aiki da batir, waɗanda ake sauya rubutunsu daga kwamfutar ofis. A shekarar 2024 kamfanin Walmart ya bayyana shirin kafa su a kantuna 2,300, yana mai cewa aikin da ke cin kwana biyu ya koma na 'yan mintoci.

Saƙon farashin yana isa ga allunan ne ta wata uwar na'ura da ake maƙalawa a rufin kanti. Kamfanin Pricer na Suwidin ya yi suna da aika saƙo ta hasken da ido ba ya gani, amma akasarin kamfanoni suna amfani da rediyo a zangon gigahaz 2.4. A nan ne gizo ke saƙa, domin zangon, wanda ya tashi daga megahaz 2,400 zuwa 2,483.5, kasuwa ce mai cunkoso: Wi-Fi da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a cikinsa suke.

Wi-Fi ya fi allunan ƙarfin murya nesa ba kusa ba. Kowane layinsa yana cin faɗin megahaz 20 zuwa 22, shi ya sa aka saba ɗora shi a layi na 1 da na 6 da na 11, waɗanda ba sa hawa kan juna. Allunan da ke bin tsarin IEEE 802.15.4 kuwa suna da layuka 16, daga na 11 zuwa na 26. Huɗu daga ciki, wato 15 da 20 da 25 da 26, su ne suka faɗa a giɓin da Wi-Fi ya bari. Sai dai layi na 20 yana kan megahaz 2,450, daidai inda na'urar ɗumama abinci ke aiki, kuma idan Wi-Fi ya koma layi na 13 zai danne na 25 da na 26.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a auna cunkoson zangon a lokacin da kanti ya cika da jama'a, a kafe Wi-Fi a layi guda maimakon barinsa yana zaɓa da kansa, a kuma mayar da kwamfutoci da wayoyi zangon gigahaz 5 inda hali ya yi. Inda uwar na'ura ta wuce ɗaya, kada maƙwabta biyu su zauna a layi guda. Hakazalika a nisanta ta da na'urar Wi-Fi da kuma kantocin ƙarfe da firji. Allunan da ke bin tsarin Bluetooth 5.4, wanda ya fito a 2023, suna tsallake daga layi zuwa layi da kansu, abin da ke rage wannan ɗawainiya.

Asarar zaɓen da bai dace ba iri biyu ce. Allon da saƙo bai isa gare shi ba yana ci gaba da nuna tsohon farashi, wanda shi ne ainihin abin da aka kashe kuɗi don a guje masa. Na biyu, maimaita saƙo yana cinye batirin da aka ƙera don ya yi shekaru, kuma sauya batir a alluna dubbai kuɗi ne da lokaci.

Ga ɗan kasuwar Jakusko ko Gashuwa, cunkoson zango bai kai na Kano ko Legas ba. Abin dubawa shi ne yawan kayan da ke kanta, da wutar da uwar na'ura ke buƙata ba yankewa, wadda sai an tanadi sola ko inbata. Kafin biyan kuɗi, ya kamata mai saye ya tambayi zangon da na'urar ke aiki a kai, ko ana iya sauya layinta, da kuma shaidar amincewar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC.