Kafin ka sayi bunsuru, tambayi ƙasar da ya tashi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau maganar bunsuru za mu yi. Akuya tana haifuwar ɗa guda ko biyu, amma bunsuru guda yana iya barbarar awaki 25 zuwa 30. In ya yi kyau, garke duka ya yi kyau. In ya kasa, an yi asarar shekara.

Sau da yawa mutum yakan ga dogon bunsuru a kasuwa, ya biya kuɗi, bai tambayi inda aka haife shi ba. Nan kuskuren yake, domin kowace ƙasa da irin akuyar da ta dace da ita.

Ƙasar Maradi da Tasawa shimfiɗe take, tudunta bai kai metir 500 bisa teku ba. Nan ne gidan jar akuya. Tsawonta a kafaɗa wajen santimetir 60 zuwa 65 ne, jikinta a cike. Tana yawan haifuwar tagwaye, fatarta kuma ta yi suna har ƙasashen Turai. Sai dai tana son harawa, dusa da ruwa kusa da gida.

A arewa, wajen makiyaya, akuya mai dogayen ƙafafu ce. Tana jure tafiya mai nisa da ƙishirwa, amma galibi ɗa guda take haifuwa.

A Abzin kuwa, dutsen Bagazam ya zarce metir 2000. Duk hawan metir 1000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Bisar da ta tashi can ta saba da sanyin dare da hawan duwatsu. In aka sauko da ita kudu, sai ta tarar da laimar damina da tsutsar ciki da ba ta saba da su ba. Haka jan bunsuru yake ramewa in aka kai shi inda kiwo yake da nisa.

Zafi ma yana taɓa haifuwa. Maraina suna rataye waje ne don su fi jiki sanyi. Ranar bazara ko zazzaɓi suna raunana maniyyin bunsuru, kuma sai ya yi kusan wata 2 kafin ya koma daidai.

Saboda haka, ga abin da za a kiyaye:

1. A zaɓi bunsurun da ya tashi a ƙasa irin taku, wanda uwarsa take da nono da yawa.
2. A duba ƙirji mai faɗi, baya miƙaƙƙe, da ƙafafu masu ƙarfi.
3. A taɓa maraina. Su zama biyu, manya, girmansu ɗaya, babu kumburi.
4. A bari ya cika shekara guda kafin a sa shi barbara sosai.
5. A yi masa rumfa, a ba shi ruwa, harawa, ɗiyan gawo da gishiri.
6. A canza shi bayan shekara 2, kada ya barbari ɗiyansa. Sauran maza a fiɗiye su, su zama taure.

Sabon bunsuru kuma a ware shi sati 3 zuwa 4 kafin ya shiga garke, a kai shi wurin ma'aikatan kiwo su yi masa allurar rigakafi. Allah ya sa albarka a garke.