Sukuwar Mota Cikin Gilashi

A Sanyinna, ƙasar Tambuwal, da can samari ba su san wani tsere ba sai sukuwar dawaki ranar Salla. Yau kuwa sai a iske su sun yi da'ira wurin mai cajin waya, ana tseren mota cikin gilashi, babu ƙura, babu haniniya.

Abin da ya kama zukatansu shi ne motar nan ba ta yi wa kowa kara. Wanda ya shiga kwana bai taka birki ba, sai ta watsar da shi, tamkar ingarma da mahayin da bai san linzami ba. Sai ya koma farko, ya sake, ya kuma sake, kamar almajiri da allonsa, har hannu ya haddace hanya. To, nan daɗin yake.

Mashahurin cikin wasannin, Gran Turismo, a Japan ya fito, shekarar 1997. Wani saurayin Birtaniya, Jann Mardenborough, ya cinye gasarsa a 2011, aka danƙa masa motar gaske. A 2013 ya zo na uku cikin ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans, ƙasar Faransa. A 2015 kuwa, a Jamus, motarsa ta tashi sama ta afka cikin 'yan kallo, mutum guda ya rasu.