Akwatin Sarrafa Kiɗa: Abin Da Ya Kamata Malamai Su Sani Kafin A Saya

A garin Daura da ƙauyukanta, har su Mai'aduwa da Zango da Sandamu, yanzu da wuya a yi biki ko taron raba kyaututtuka a makaranta ba a ga yaro da kwamfuta da wani akwati mai faifai biyu ba. Shi ne ake kira DJ. Tun da yake wasu shugabannin makarantu sun fara tunanin saye da kuɗin iyayen yara, mun ga ya kamata mu yi bayani, don kada a yi asara.

Shi wannan akwati ba waƙa a cikinsa ko ɗaya. Aikinsa aika umarni ne zuwa ga kwamfuta ta igiyar USB, da wani harshe da ake kira MIDI, wanda masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka daidaita a kansa a 1983. Manhajar da ke cikin kwamfuta ita ce mai yin aikin. Saboda haka sai a fara tambaya, shin akwatin da manhajar suna jin maganar juna? Serato, ta ƙasar New Zealand, ba ta yarda sai da akwatunan da ta amince da su. Rekordbox ta Pioneer ce, kayan gidansu ta fi sani. VirtualDJ tana karɓar iri-iri, amma akasari sai an biya lasisi. Wanda ya sayi akwati a Kano bai bincika wannan ba, ya sayi doki ne ba linzami.

Bayan an sa direban da kamfanin ya bayar, sai a raba sauti gida biyu: hanya ta 1 da ta 2 zuwa lasifika, ta 3 da ta 4 zuwa abin kunne. Ta haka mai kiɗa yake jin waƙar da ke tafe a ɓoye, jama'a ba su ji ba. Sai kuma jinkiri. Kwamfuta tana yanka sauti gutsure 44,100 a kowace daƙiƙa, tana miƙa su ƙunshi ƙunshi. Ƙunshin 512 yana jawo jinkirin kusan kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, na 256 rabin haka. In an rage fiye da ƙarfin kwamfuta, sai sauti ya riƙa tsinkewa. In da janareta ake aiki, a haɗa da sitabilaiza.

Amma ga inda muka fi so malamai su lura. Manhajar tana auna bugun waƙa ta shimfiɗa masa ma'auni, tana zaton bugun ba ya sauyawa daga farko har ƙarshe. Waƙoƙin da aka haɗa a sutudiyo haka suke. Kiɗan kalangu irin na marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, hannun mutum ne ya buga shi, yana sauri yana sassautawa gwargwadon yadda waƙa ta kai. Haka kuma tambari da algaita na Hawan Magajiya. In yaro ya danna maɓallin daidaitawa a kan irin wannan, sai kiɗa biyu su yi karo a gaban baƙi. Dole ya kashe maɓallin, ya sa abin kunne, ya tura faifai da yatsa har bugun ya hau kan juna. Wannan kuwa sai an ba shi makonni yana gwadawa a aji kafin ranar taro.