Maƙwabci kafin gida: nasiha ga mai ƙaramin ƙarfi da ke neman muhalli kusa da tsakiyar gari

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya wa bayinSa natsuwa cikin gidajensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu saurare, na cikin garin Dakoro da na karkara, daga Kornaka har Bermo, darasinmu na yau yana kan sayen gida da zaɓen unguwa. Tun farin 1973 da na 1984 jama'a suka yi ta baro ƙauyuka da rugage suna tarewa cikin gari, har filin da ke kusa da kasuwa da babban masallaci ya fi ƙarfin talaka, a nan Dakoro, balle a Maraɗi. Mutum zai yi shekaru yana tari, wani ya sayar da bisashensa, wani ya kawo gumin ci-raninsa na Najeriya ko Libiya, kuma galibi sau ɗaya zai yi wannan ciniki a rayuwarsa. In ya dace, zuriyarsa ta huta. In ya kuskure, ƴaƴansa su gaji rigima. Saboda haka za mu kawo abubuwa biyar da ya kamata a duba kafin kuɗi su bar hannu.

Abu na farko shi ne maƙwabci. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Malaman tafsiri sun lura da wannan ma'ana a ƙarshen Suratut Tahrim, inda matar Fir'auna ta roƙi gida a Aljanna, amma ta gabatar da ambaton kusanci da Ubangijinta kafin ambaton gidan. A aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i kuwa, an haɗa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da kyautata wa iyaye da marayu. Katanga in ta tsage ana yaɓe ta, rufi in ya yi yoyo ana gyara shi, amma halin maƙwabci ba ya hannunka, kuma da ƴaƴansa naka za su tashi.

To, yaya ake sanin unguwa? Gani ya kori ji. Ka je da asuba ka ga ko sahu yana cika a masallacinsu. Ka koma da hantsi ka ga ko yara suna makaranta ko suna gararamba. Ka sake komawa bayan lisha ka ga su wa ke zaune a bakin lungu, da abin da suke sha. Sannan ka tambayi mai unguwa da liman da dattawan da suka daɗe a wurin. Wanda aka tambaya kuma ya faɗi gaskiya gwargwadon buƙata, domin malamai sun sanya nasiha ga mai neman shawara cikin wuraren da ambaton aibi ba ya zama giba, ko da mutum yana azumi.

Abu na biyu shi ne ƙasar da aka ɗora gidan a kanta. Azumin bana ya faɗo cikin rani, ko'ina a bushe yake, kwari da tudu duk kamanninsu ɗaya ga idon mai gaggawa. Sau da yawa gidan da ya yi araha alhali yana kusa da tsakiyar gari, dalilin araharsa ruwa ne: ko dai bakin tabki yake, ko kan hanyar ƙorama, ko kuma tsohon kududdufi ne da aka cike da shara aka yi gini a kai. Araha ba ta ado. Tarihin Maraɗi ya ishe mu wa'azi. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta rushe shi, dole aka tayar da mutane zuwa kan tudu, inda birnin yake a yau. A ƙarshen watan Agusta na 2024 kuma mun ji abin da ruwan yini ɗaya ya yi wa Maraɗi, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ginin laka ba ya jure ruwan da ya kwana a gindinsa, yakan jiƙe daga ƙasa ya zube cikin dare mutane suna barci.

Don haka ka dubi gindin katangun unguwar, ruwa yakan bar shaidarsa a jiki. Ka dubi ko dokin ƙofa ya fi titi tudu ko titi ne ya fi shi. Ka tambayi matan unguwa inda ruwa ke tsayawa a watan Agusta, sun fi dillali sani. In da hali, ka jinkirta ciniki har ka ga wurin bayan ruwa mai ƙarfi. Ka tuna kuma ruwan da ke kwanciya shi ke tara sauro, abin da ka rage a kuɗin gida sai ka mayar da shi wajen maganin masassarar yara kowace damina.

Abu na uku shi ne lissafin nisa. Wani zai ce, to bari in koma bayan gari inda fili ke da sauƙi. Babu laifi, amma a yi lissafi tukuna. Ƙasarmu ta Dakoro ruwanta yana da zurfi, ba kowa ke iya gina rijiya a gidansa ba. In famfo bai kai unguwar ba, kullum sai ka sayi ruwa. Mu ɗauka, a misali, kuɗin ruwa da na kabu-kabu zuwa kasuwa suna cin jaka 1 a kowace rana. A shekara jaka 365 ke nan, a shekara 10 kuwa jaka 3,650, wato sefa miliyan 3 da dubu 650. Ka ɗora wannan a kan farashin filin kafin ka kira shi mai araha. Ka auna nisan asibiti saboda mai naƙuda cikin dare, da nisan makaranta saboda ƙananan yara.

Duk da haka kada mutum ya matsa wa kansa sai lalle ya zauna a gindin masallacin Juma'a. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa ƙabilar Banu Salima sun so su taso daga gefen Madina su dawo kusa da masallaci da suka ga wuri ya samu, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce su da su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu ladar takunsu. Unguwar da ke ɗan nesa kaɗan, a kan tudu, mai ruwan sha da mutanen kirki, ta fi ɗaki biyu cikin cunkoso inda babu wurin salga, kuma maƙwabci na tsinkayar iyalinka.

Abu na huɗu shi ne halaccin mallaka. Yawancin tsofaffin gidajen tsakiyar gari gidajen gado ne da ba a raba ba. In magaji ɗaya ya sayar maka da gidan duka ba da yardar sauran ba, cinikin rabonsu yana rataye sai sun amince. In rabonsa kaɗai ya sayar maka, to a mazhabar Imamu Malik abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi rabon, kuma littafin Risala ya bayyana cewa wanda yake gari haƙƙinsa yana nan har shekara guda. Ka nemi ganin dukkan magada, maza da mata. In akwai maraya a ciki, sai da waliyyinsa da sanin alƙali. Filin masallacin Madina na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, sun so su ba da shi kyauta, amma Manzon Allah bai karɓa ba sai da aka biya su.

A bayan gari kuma haɗarin shi ne burtali da mashaya da gonar da ake jayayya a kanta. Ƙasar nan hanyar makiyaya ce masu hawa zuwa kwarin Tarka da damina su gangaro da kaka. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, kuma burtali haƙƙin jama'a ne da babu mai ikon sayar da shi. Ka je ofishin magajin gari ka tabbatar filin yana cikin waɗanda aka yanka bisa ƙa'ida, kuma sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, domin akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A auna iyakoki gaban maƙwabta, a rubuta, shaidu su sa hannu. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, wani hadisin kuma ya ƙayyade faɗin hanya kamu 7 idan an yi saɓani. Gidan da aka ci hanya aka faɗaɗa shi, kada zaurensa ya ruɗe ka.

Abu na biyar shi ne kuɗin da za a biya. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kada son kusanci da kasuwa ya kai ka ga bashin riba, ko ka sayar da gonar da ke ciyar da iyalinka. In mai gida ya yarda ka biya kashi-kashi, ya halatta, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya da lokaci sananne tun farko, kuma kada a ƙara komai saboda jinkiri. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku kuma masu sayarwa da dillalai, wajibi ne ku bayyana aibin da kuka sani, na ruwa ne ko na rigima. Wanda ya ɓoye, shari'a ta ba mai saye ikon mayar da ciniki, kuma albarkar kuɗin ta riga ta tafi.

Idan ka gama bincike, ka yi shawara da masana, ka yi sallar istihara, sannan ka dogara ga Allah. Bayan ka tare kuma, ka zame wa mutanen unguwa irin maƙwabcin da ka fita nema, ka fara da kai musu abin buɗa baki cikin wannan wata.

Allah Ya ba marasa muhalli muhalli na halal, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya tsare garuruwanmu daga ambaliya da husuma, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.