Hutun Jirgin Ruwa da Ƙaramin Yaro: Shekarunsa Nawa, Kuma Ya Bar Famfas?

Ga rubutaccen bayanin shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau teku za mu shiga. Da yawanku kun sha cin karo da bidiyon manya-manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa a TikTok da Instagram, waɗanda Turawa ke kira kuruz. Otal ne sukutum a kan ruwa. Ka biya kuɗin kwana uku ko bakwai, ka kwanta a wannan gari, ka farka a wancan, ga ɗaki ga abinci ga wuraren wasa. Ku ɗauki Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a Janairun 2024: tsawonsa kusan mita 365, hawa 20, kuma in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wata unguwar ma ba ta kai shi yawan jama'a ba.

To, tallan da ake yi wa iyaye shi ne: ku zo da yaranku, mu za mu kula da su, ku ku huta. Maganar akwai gaskiya a cikinta, amma fa tana da sharaɗi. Kafin mutum ya tambayi farashi, tambayoyi biyu ne ke yanke yadda tafiyar za ta kasance: shekarun yaron nawa, kuma ya bar famfas ko bai bari ba?

Mu fara da bakin ƙofa. Yawancin manyan kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar tashi. In tafiyar ta ƙetare teku ce, kamar daga Turai zuwa Amurka, sai ya cika shekara ɗaya. Royal Caribbean ma ya ƙara da cewa duk tafiyar da za a yi kwana uku a jere ba a tsaya a wata tasha ba, sai ɗan wata 12. Mai juna biyu kuma ba a ɗaukarta in cikin zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Ba ƙeta ba ce. A cikin jirgin akwai likita da nas da ɗan ƙaramin asibiti, amma ba asibitin yara ba ne, ba kuma wurin renon bakwaini ba ne. In numfashin jariri ya sarƙe a tsakiyar teku, babban asibiti na iya zama tafiyar yini guda. Wanda ya je tasha da jaririn da bai kai ba, mayar da shi za a yi, kuma da wuya ya ga kuɗinsa.

Yawwa, an shiga jirgi. Nan ne maganar shekara uku ke fitowa. Wurin wasan yara na kyauta, inda za ka ajiye yaro da ƙwararrun ma'aikata ka tafi abinka, a Royal Caribbean da Disney daga shekara 3 yake farawa, kuma ana son yaron ya iya zuwa bayi da kansa. Carnival na karɓa daga shekara 2. Wanda bai kai ba fa? A wasu jiragen akwai ɗakin reno na 'yan wata 6 zuwa shekara 3, amma biya ake yi duk awa, gurabensa kaɗan ne, sai an yi rajista da wuri. Wasu jiragen ma sam ba su da shi. Kun ga ke nan mai ɗan shekara biyu da rabi da mai ɗan shekara uku da wata ɗaya, jirgi ɗaya suka hau, kuɗi ɗaya suka biya, amma ba hutu ɗaya suka yi ba. Ɗaya ya samu awannin da zai miƙe ƙafa, ɗaya kuwa renon da yake yi a gida ya ɗauko ya kawo kan ruwa.

Sai tafkin wanka, wanda shi ne ya fi ba iyaye mamaki. Yaron da ke sa famfas ba ya shiga tafkin wankan jirgi, ko da famfas ɗin na shiga ruwa ne. Wannan ƙa'ida ce ta hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka, wadda ke duba tsaftar jiragen da ke shiga tashoshin ƙasar ba tare da sanarwa ba, ta ba su maki cikin 100, wanda ya gaza 86 ya faɗi. Dalilin a fili yake: famfas na ruwa ba ya tare ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi, tafkin ƙarami ne, masu shiga kuma ɗaruruwa. Wasu jiragen, irin na Disney da sababbin jiragen Royal Caribbean, sun gina wa masu famfas wurin fantsama ruwa na daban mai nasa injin tacewa. Amma ba kowane jirgi ba. Don haka sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sunan jirgin za ku nema, ku duba abin da ke cikinsa. In ba haka ba, kwana bakwai yaro zai yi yana kallon ruwa yana tsala ihu.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi kuɗi muhimmanci, wato rai.

Kafin jirgi ya tashi, dole kowane fasinja ya san wurin da zai taru in hatsari ya auku, a kuma nuna masa yadda ake sa rigar ceto. A da, doka ta yarda a yi wannan atisayen cikin awa 24 bayan shiga jirgi. Sai ga hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Bayan nan aka gyara dokar, ya zama sai an yi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ku riƙe abu uku a nan. Na ɗaya, alamar hatsari ƙara ce gajera sau bakwai, sannan doguwa sau ɗaya. Na biyu, akwai rigar ceto ta yara da ta jarirai, ku tambayi mai kula da ɗakinku inda ta yaronku take tun ranar farko. Na uku, ana ɗaura wa yara wani abin hannu mai ɗauke da lambar wurin taruwarsu, kar a cire shi. In ƙarar ta tashi yaro na wurin wasa, ma'aikata ne ke da alhakin haɗa ku da shi. Ku tambayi tsarin jirginku tun ranar rajista, don kar uwa ta ruɗe ta kutsa cikin cunkoso tana nema.

Faɗawa ruwa fa? Dokar Amurka ta 2010 ta ce ƙarfen kariyar gefen jirgi kada ya gaza inci 42, wato kusan santimita 107. Ya fi ɗan shekara biyu tsawo. Yaro da ƙafarsa a ƙasa ba ya faɗawa haka kawai. Matsalar na zuwa ne in an ɗaga shi, ko ya samu abin takawa. A Yulin 2019, a tashar San Juan ta Puerto Rico, wata yarinya 'yar wata 18 ta faɗo daga hawa na 11 na jirgin Freedom of the Seas, bayan kakanta ya ɗaga ta zuwa wata taga da ke buɗe. Ba ta rayu ba. A Yunin 2025 kuma wata 'yar shekara 5 ta faɗa teku daga jirgin Disney Dream bayan ta hau kan ƙarfen kariya, mahaifinta ya yi tsalle ya bi ta, Allah Ya sa aka ceto su duka biyun da ƙaramin kwalekwale. Saboda haka ba a ɗora yaro a kan ƙarfe don hoto, ko na daƙiƙa ɗaya. In ɗakinku mai baranda ne, a janye kujera da tebur daga jikin gilashi, ƙofar kuma ta zauna a kulle. A bakin tafki ma haka: ko da akwai mai gadin masu wanka, yara da yawa yake kallo, ke kuwa naki ɗaya ne.

Sai ciwo. Wanda ya fi yawo a jiragen nan shi ne amai da gudawa na ƙwayar norobairos, mai saurin yaɗuwa a duk inda jama'a suka cunkushe suna taɓa cokali ɗaya da ƙarfen bene ɗaya. Man goge hannun nan na sanitaiza ba ya kashe ta sosai, sabulu da ruwa ne maganinta. Ƙaramin yaro kuma ruwan jikinsa na saurin ƙarewa. Ku tafi da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, da farasitamol na yara, da ma'aunin zafin jiki. Maganin jiri da tashin zuciya na teku kuwa, kar a ba yaro sai likita ya ce. Ku ga likitan tun a gida, ku duba katin rigakafi: a jadawalin Najeriya sai a wata 9 ake yin allurar ƙyanda da ta shawara, don haka ɗan wata 6 da kamfani ya yarda ya hau bai samu ko ɗaya ba, ga shi zai shiga cikin dubban mutane daga ƙasashe daban-daban. Sannan asibitin jirgi ba kyauta ba ne, kwashe mara lafiya zuwa tudu kuma kuɗi ne na tashin hankali. Inshorar tafiya wadda ta haɗa da kwashe mara lafiya ba ado ba ce.

Mu taɓo aljihu. Jariri ma fasinja ne, ana ƙirga shi cikin adadin mutanen ɗaki, kuma galibi ana biya masa. Ko an yi garaɓasar "yara kyauta", harajin tashoshi na nan. Akwai kuma tukwicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye, wajen dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum a kowace rana, ko da yake wasu kamfanonin na yafe wa 'yan ƙasa da shekara biyu. In mun ɗauki dala 18, miji da mata da yaro ɗaya a kwana bakwai dala 378 ke nan, ba a yi maganar intanet da lemo da yawon gari ba. Famfas da madara kuma ku ɗebo wadatattu daga gida, don shagon jirgi ba abin dogaro ba ne.

Takardu fa? Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar, sai ya fara hawa jirgin sama zuwa inda jirgin ruwan yake. Na Bahar Rum da yawansu daga Basalona ko kusa da birnin Rum suke tashi, sai da bizar Shengen. Na Karebiyan yawanci daga jihar Florida, sai da bizar Amurka. MSC na tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata mai suna AROYA daga Jidda a Disambar 2024. Ko ina ne, yaro na buƙatar fasfonsa da bizarsa, kuma kowace ƙasa da jirgin zai tsaya sai an duba sharuɗɗanta. In uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da yaro, a riƙe takardar amincewar ɗayan. Abincin halal kuma a nema a rubuce tun lokacin biyan kuɗi, ba sai an zauna a tebur ba.

Abu na gaba, jirgi ba ya jiran kowa. In an tsaya a gari, akwai lokacin da aka sa kowa ya dawo. A Maris na 2024 wasu fasinjoji takwas sun makara daga yawo a tsibirin Sao Tome, jirginsu Norwegian Dawn ya tafi ya bar su. Suka bi shi ƙasa-ƙasa, suka je Gambiya bai samu tsayawa ba, sai a Dakar ta Senegal suka cim masa bayan kwanaki. To ku ƙiyasta wannan wahala da goyo a baya, famfas da madara kuma suna cikin jirgi. Mai ƙaramin yaro ya ɗauki gajeren yawo, ko wanda jirgin ya shirya da kansa don shi ake jira in ya makara, ya kuma dawo da sauran lokaci mai yawa.

Wajen zaɓen ɗaki, na tsakiyar jirgi a hawan ƙasa-ƙasa ya fi ƙarancin tangaɗi. Ɗakunan ƙanana ne, don haka keken tura yaro ya zama mai naɗewa. Gadon jariri ana bayarwa, amma sai an nema tun kafin tafiya. Yawancin bayin shawa ce kawai babu baho, ɗan bahon roba da ake hurawa zai yi muku rana. Masu nufin Karebiyan kuma su tuna lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba.

To a je ko kar a je? In yaro ya cika uku kuma ya bar famfas, gaskiya tafiya ce mai sauƙi ga iyali: kaya sau ɗaya ake kwancewa, abinci a shirye, yaro na da wurin zuwa. In bai kai ba, za a iya, amma a zaɓi gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu, a jirgin da ke da ɗakin reno da wurin ruwan masu famfas, a kuma raba aikin reno tsakanin miji da mata tun daga gida, don kar hutun ya zama na Oga shi kaɗai. In kuwa saura 'yan watanni yaro ya cika uku, ku ɗaga tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, tekun kuma ba inda za shi.

Nan za mu dakata. Wanda ya san mai shirin irin wannan tafiya da ƙaramin yaro, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.