Yadda A Kan Sassauta Wa Mai Dogon Ɗauri

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun sha wuya a hannun ɓarayin daji. Saboda haka in sun ji an saki ɗaurarre tun kwanakinsa ba su cika ba, sai hankalinsu ya tashi. Amma saki iri-iri ne. Waɗanda Gwamna Masari ya saki a 2019 musanyarsu aka yi da mutanen da aka sace, wannan sha'anin sulhu ne. Wanda za mu bayyana a nan na shari'a ne.

A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar gudanar da shari'ar laifi. Sashe na 468 ya yi zancen wanda aka ɗaure shekara 15 ko fi, ko rai da rai. In ya ci sulusin ɗaurinsa, watau shekara 7 ga mai 21, kuma an ga halinsa ya gyaru, shugaban gidajen yari na ƙasa ya kan iya kai rahotonsa gaban kotu. Alƙali zai saurari mai ƙara, ya saurari ɗaurarren ko lauyansa, sa'an nan ya jingine sauran kwanakin, ko kuwa ya ƙi. Ba a yafe laifin ba, jingina ce, sau da yawa da sharaɗi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙofar kotu ba ta buɗuwa sai da rahoton nan. Mutum ya iya yin shekara 20 bai taɓa saɓa wa gandiroba ba, in ba a rubuta ba, shi ke nan, yana nan zaune. A ganinmu wannan giɓi ne babba. Dokar kuma ta laifuffukan Tarayya ce da na Abuja. Wanda aka ɗaure bisa dokar jiha, abin dogararsa dokar jiharsa ce, ko afuwar Gwamna, wadda sashe na 212 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada.

A Ingila hukuma ce ta musamman ke yanke wannan magana, wanda ta hana kuwa yana iya kai kuka kotu. A 2013 Kotun Ƙolinsu ta duba ƙarar ɗaurarru uku, Osborn da Booth da Reilly, waɗanda aka hana su saki bisa takarda kawai. Kotun ba ta ce a sake su ba. Abin da ta ce shi ne, hukumar ta yi kuskure da ba ta kira su ta ji ta bakinsu ba.