Daga Yelwa zuwa Yankari: Digirin da giwayen Bauchi ke jira

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, ana maimaita muhawara iri ɗaya a gidajen ma'aikata daga Kubwa zuwa Nyanya. Uba yana son likita, uwa tana son lauya, yaro kuma hankalinsa na kan kwamfuta. Da wuya a ji an ambaci ilimin kare namun daji a irin wannan zama. Da yawa daga cikin waɗanda ke samun kansu a wannan fanni sukan shige shi ne bayan makinsu ya gaza kai su inda suka nufa, su karɓi gurbin da sanyin jiki, dangi na tambayar ko mafarauci za a yi.

Sai dai ƙasar da waɗannan iyaye ke yi wa aiki ta ɗauki alƙawura masu nauyi kan dazuzzukanta da dabbobinta, kuma babu mai cika su sai wanda ya yi wannan karatun da ake rainawa. Babu birnin da wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar Bauchi, inda jami'ar tarayya da gandun daji mafi suna a Arewa suke maƙwabtaka.

Abin da ake karantawa

Ilimin kare halittu sabon reshe ne idan aka kwatanta shi da sauran rassan kimiyya. A shekarar 1985 ne masana suka kafa masa ƙungiya a Amurka, kuma a shekarar ce Michael Soulé, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa, ya bayyana shi a matsayin ilimin da ake aiki da shi cikin halin gaggawa. Ya kwatanta shi da aikin likitan tiyata, wanda dole ya yanke shawara kafin duk bayanai su kammala, domin idan ya jira mara lafiya zai mutu.

A Najeriya, wanda ke neman digirin farko a wannan fanni yakan bi ɗaya daga cikin ƙofofi biyu. Ta farko ita ce sassan gandun daji da kula da namun daji da ke ƙarƙashin tsangayoyin aikin gona, irin waɗanda ake da su a Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Maiduguri, Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. Ta biyu ita ce ta kimiyyar halittu: nazarin dabbobi, nazarin tsirrai, ko ikoloji, wato ilimin alaƙar halittu da muhallinsu. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da sashen ikoloji, kuma digirinta na fasaha shekara 5 ne, ciki har da watannin koyon aiki a waje. Abin da ake buƙata daga sakandare shi ne abin da ake nema ga sauran darussan kimiyya: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da makamantansu.

Ɗalibin da ya shigo da tunanin kallon dabbobi kawai yakan sha mamaki. Lissafi da ƙididdiga su ne ƙashin bayan karatun. Ba a ƙirga giwaye kamar yadda ake ƙirga shanu a garke, domin kurmi yana ɓoye su. Mai bincike yakan shata layuka miƙaƙƙu a taswira, ya bi su da ƙafa yana ƙirga tarin kashin giwa, ya auna sau nawa giwa ke yin kashi a rana da kwanakin da kashin ke ɗauka kafin ya ruɓe, sannan lissafi ya ba shi ƙiyasin yawan dabbobin. Zaki kuwa ana gane ɗaya daga ɗaya ne ta ɗige-ɗigen da ke gindin gashin bakinsa, waɗanda ba sa zama iri ɗaya tsakanin zakuna biyu, kuma kyamarorin da ake ɗaurawa a jikin bishiya ne ke ɗauko hotunan cikin dare. Ga nazarin ƙwayoyin gado, wanda ke nuna yadda ƙaramin garke da aka yanke daga danginsa ke raunana saboda barbara tsakanin 'yan uwa na jini. Ga zanen taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Ga dokokin muhalli, da nazarin zamantakewa, domin duk dabbar da ake son karewa tana da maƙwabcin da ke noma ko kiwo.

Ajin da ke Alkaleri

Tafiyar kilomita 100 da 'yan kai ce daga harabar Yelwa da ke cikin birnin Bauchi zuwa sansanin Wikki a tsakiyar Yankari. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan gwamnatin tarayya ta mayar da shi hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, Kogin Gaji ya ratsa shi, kuma a bakin wannan kogi ne dabbobi ke taruwa idan rani ya tsananta.

Masu yawon buɗe ido sun fi sanin Yankari da ruwan ɗumi na Wikki da birai masu fizge abinci. Ga masanin halittu kuwa, darajarsa tana wani wuri. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya yake, wanda ake ƙiyasta shi tsakanin 100 zuwa 150, a ƙasar da gaba ɗaya giwayenta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza da dorina. Akwai kuma ragowar zakunan Afirka ta Yamma, jinsin da wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa kimanin 400 ne kacal suka rage a duk yankin. A Najeriya, Yankari da gandun dajin Tafkin Kainji ne kaɗai aka san suna da su.

Dajin yana kuma koyar da abin da sakaci ke haifarwa. Raƙumin dawa, rabbi, kyarkeci da maraya duk sun taɓa rayuwa a Yankari, yau babu su. Raƙuman dawa da jakunan dawan da ake gani a gandun Sumu, a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Dabbar da ta ɓace daga daji ba ta dawowa da takardar umarni, kuma sayo wata daga nesa ya fi kare ta gida tsada.

Akwai darasi na biyu, mai daɗin ji. Bayan shekarun da mafarautan haure suka yi ta kashe giwaye, gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014. Aka tsara sintiri, aka bai wa masu gadin daji horo da kayan aiki, aka soma rubuta duk abin da suka gani a manhajar da ke nuna inda ɓarna ta fi yawa, aka kuma sanya wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa shekaru da dama sun wuce tun daga 2015 ba a samu gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. A 2021, wani babban mai gadin dajin, Suleiman Saidu, ya karɓi lambar yabo ta gidauniyar Tusk ta Birtaniya. Jarumtar masu gadi ce ta kawo wannan nasara, amma bayanan da aka tattara aka tantance su ne suka nuna musu inda za su sa ƙafa.

Matsalolin da suka rage sun fi na mafarauci wuyar sha'ani. Giwa ɗaya na iya cinye wahalar damina guda ta manomi a dare ɗaya, kuma ƙauyukan da ke kewaye da dajin sun san haka da idonsu. Makiyaya na kutsawa da shanu idan ciyawa ta ƙare a waje, zaki ya kama saniya, wani lokaci a rama da guba. Gubar da aka zuba a mushe kuwa ba ta tsayawa kan zaki, har kura da ungulu takan kwashe. Warware irin wannan rikici yana buƙatar wanda ya san halin giwa kuma yake jin Hausa da Fulatanci, wanda zai zauna gaban dagaci ko arɗo a saurare shi. Masanin da ya zo daga Turai na wata uku ba zai iya wannan ba. Ɗan Alkaleri ko ɗan Toro mai digiri zai iya.

Alƙawuran da aka ɗauka a Abuja

A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, dausayin Hadejia a Jigawa da Pandam a Filato. A Disamban 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030. A Janairun 2024 aka niƙe tan 2.5 na hauren giwa da aka kama, a bainar jama'a a Abuja, kuma a watan Agustan shekarar aka ƙaddamar da tsarin ƙasa na ceto giwaye.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin kujerun aiki. Gandun daji yana buƙatar wanda zai ƙirga abin da ke cikinsa kafin a rubuta tsarin kula da shi. Jami'in kwastam a tashar ruwa yana buƙatar wanda zai tabbatar masa cewa abin da ke cikin kwantena haure ne, kuma kotu tana buƙatar shaidar ƙwararre kafin ta hukunta mai fasa-ƙwauri. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a soma manyan ayyuka, kuma rijiyoyin man Kolmani, da aka ƙaddamar da aikinsu a Nuwamban 2022, suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Yankari. Ƙasar da ba ta horar da nata masana ba, hayar na waje za ta yi ta yi, da kuɗin waje.

Ina aikin yake?

Tambayar iyaye tana kan hanya, kuma amsarta ba ta da zaƙi sosai. Guraben aiki a wannan fanni ba su da yawa, kuma ba a buɗe su a kai a kai. Masu ɗauka su ne Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da na jihohi, hukumar shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin muhalli, da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Aikin daji yana da haɗari: an sha kashe masu gadin gandun daji a bakin aiki, kuma matsalar tsaro ta sa wasu dazuzzukan Arewa sun gagari mai bincike.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Wanda ya iya ƙididdiga da zanen taswira a kwamfuta yana da sana'ar da ake nema a fannin lafiya, noma da agajin jinƙai, ko da bai sake shiga daji ba. Kuma hanyar ƙaro ilimi a buɗe take kusa da gida. A dajin Amurum da ke gefen Jos, tafiyar sa'o'i kaɗan daga Bauchi, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana ba da digiri na biyu a ilimin kare halittu, kuma ɗalibanta da dama sun wuce zuwa digirin digirgir a ƙasashen waje. Ga mai son difiloma kuwa, akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji a New Bussa.

Abin da ke bambanta wanda ya samu shiga da wanda ya rasa shi ne kwanakin da ya yi a daji kafin ya kammala. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son wanda ya taɓa bin layin ƙirga da ƙafarsa, ya ɗaura kyamara, ya tattara bayanai ya fitar da ma'ana daga cikinsu. A nan ne jami'o'in gwamnati ke da rauni, domin fita daji tana cin mota, mai, abinci da kayan aiki, kuma ita ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Gyaran bai fi ƙarfin ofisoshin da ke Abuja ba. Sabon manhajin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara su daidai da buƙatun yankinta. Jami'ar da ke maƙwabtaka da Yankari, Sumu da dajin Lame-Burra tana da dalilin cika wannan kaso da zangon karatu guda a sansanin daji. Asusun TETFund, wanda ke gina ɗakunan karatu, zai iya ɗaukar tashar bincike a bakin gandun daji a matsayin ɗakin gwaje-gwaje, tun da aikinsu ɗaya. Hukumar yi wa ƙasa hidima za ta iya tura masu wannan digiri zuwa gandayen daji maimakon barin su suna zaman jiran wata a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kuma duk lokacin da aka rubuta kasafin sabon gandun daji, layin albashin masu bincike ya kamata ya zo tare da layin ginin ƙofa da sayen motoci.

Giwa takan ɗauki ciki wata 22, kuma takan yi shekara 4 ko 5 kafin ta sake haihuwa. Garken Yankari ba zai farfaɗo cikin wa'adin gwamnati ɗaya ba. Waɗanda za su kula da shi nan da shekara 20 suna aji uku na babbar sakandare a yau, kuma wasunsu suna zaune a falon gidajen ma'aikata, ana cika musu fom.